Kawu Labbo da Gadar da ke Juyawa

Duk wanda ya san Kawu Labbo ya san 'yar gudumar nan ta aljihun jamfarsa. Lokacin da yake aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kaura, shi ne mai bin ƙafafun tarago yana ƙwanƙwasawa, ya kasa kunne ya ji wadda ta tsage. Ya yi ritaya, guduma ta ƙi yi. Ƙyauren masallaci, tukunyar mai shayi, babur ɗin baƙo, sai ka ji ƙwal-ƙwal, ya karkace kai ya ce, "Ƙarhe ba shi ƙarya. Mutane ka yin ta."

Ran da muka kwantar da shi asibiti saboda hawan jini, ma'aikaciya ta shigo da allura ta tarar da shi durƙushe yana bugun ƙafar gado. Ta ce, "Baba, ina ke maka ciwo?"

Ya ce, "Ni lahiyata lau, ɗiyata. Gadon ga ne ba shi da lahiya, shi za ki yi ma allura."

Amma abin da ya fi ja masa tsiya a Kaura shi ne zancen gada. Tun yana saurayi wani malami mutumin Sanigal ya sauka a tasha, ya ba shi labarin wata gadar ƙarfe a garinsu na bakin teku, wadda in babban jirgin ruwa ya taho sai tsakiyarta ta juya ta ba shi hanya. Kawu ya riƙe zancen gam. Amininsa Malam Bawa mai hatsi, wanda suke zama tare kullum bayan la'asar, shi kuma ya riƙe musu.

"Haba Labbo! Gada ta juya? Waina ce?"

Har ta kai a kasuwar hatsi in mutum ya shara ƙarya sai a ce, "Wagga gadar Labbo ce." Kawu kan yi dariya, amma ni ɗan ƙanwarsa na san abin na cin sa. Mutumin da bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba!

Shekarar da muka tafi ziyarar Maulidi a Kaulaha ta ƙasar Sanigal, ana gama addu'o'i ya ja ni gefe. "Nasiru, ɗauki jikka. Garin gadar nan Sanluwi sunanshi, an ce ba nisa."

Da nisa! Mun sha zama a mota kafin muka ji warin kifi da iskar gishiri. Sai ga ta: doguwa, ƙarfe zalla, bisa da tozo-tozo kamar ayarin raƙuma, ta haɗa gari da wani tsibiri mai tsofaffin benaye. Ƙarƙashinta kwale-kwalen masunta masu fenti kala-kala. Motoci na wucewa, keken doki na wucewa, gada ko gezau.

Na ce, "Kawu, ga ta dai, amma ba ta motsi."

Ya harare ni. "Kai ma Bawa ne?"

Ya gano wani dattijo Bafillace cikin masu kula da gadar. Kawu ya zazzage Fillancin da ya tsotsa wajen kakarmu ta Zurmi, rabi ya shiga, rabi suka cike da hannu. Dattijon ya ce sai jirgi babba ya zo ake buɗewa. Yaushe? Wataƙila gobe, wataƙila jibi.

Kawu ya shimfiɗa dardumarsa a inuwa. Na ce, "Kawu, motarmu ran Alhamis za ta tashi. Za a bar mu fa!"

"A bar mu. Kaura ba ta juyawa, inda munka bar ta nan za mu iske ta."

Kwana uku muna sintiri. Da hantsin na ukun aka tsayar da motoci, mutane suka yi cirko-cirko. Sai muka ji wani ƙugi daga ƙasa, tsakiyar gada ta saki 'yan'uwanta, ta fara juyawa a hankali, a hankali, har ruwa ya buɗe, jirgi ya ratsa yana busa. Ni ina ɗauka da waya. Na zaci Kawu zai yi kabbara ko ya ambaci Bawa. Sai kawai ya damƙi hannuna, idonsa ya cika.

"Haka muka juya kan jirgi bisa majuyin tasha a Kaura, muna turawa da kahwaɗa, mu huɗu. Ni, da Mamman Dogo, da Ige, da Audu Gajere." Ya saki hannuna. "Ni ɗai nir rage."

Mota kuwa ta bar mu. Muka yi ta canje-canjen motoci har gida, ƙafafuna suka kumbura, shi ko a jikinsa. Ko wanka bai yi ba ya ja ni rumfar Malam Bawa. Aka taru, na kunna waya. Malam Bawa ya gyara tabarau, ya kalla har sau biyu, ya miƙo mini.

"Wayar kunka juya."

Wallahi sai da aka rirriƙe Kawu! Sati guda ba ya gaisawa da shi, sannan ya koma wurin zamansa, aka ɗora musu daga inda aka tsaya.

Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ran sadakar uku, bayan jama'a sun ragu, Malam Bawa ya kira ni. Ya ce in sake kunna masa bidiyon gadar. Ya kalla har ƙarshe.

"Ɗana, tun ran hwarko niy yarda. Labbo bai ƙarya. To amma in na ce mai na yarda, mi za mu tattauna bayan la'asar?"

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da abokan aikinsa ukun nan a gidan rahama. Malam Bawa kuma, da ke zama shi kaɗai yanzu a rumfa, Allah ya ba shi haƙuri. Amin.