Na nemo ɗan Inna ba tare da sunansa ba

Jama'a, yau na nemo mutum a kwamfuta ban ma san sunansa ba!

Kun san aikinmu, rajistar waɗanda suka watse lokacin da mahara suka shigo Mubi. Da safe wata dattijuwa Bafillatana ta zo daga Belel. Ɗanta take nema, shekara biyu ba labarinsa.

Na ce, "Inna, ya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya. Ta ce, "Ɗan fari ne."

Shi ke nan! Kun san uwa ba ta kama sunan ɗan fari.

Bitrus abokin aikina ya ce, "Ba suna, ba bincike. Ta je ta zo da wani."

Na ce, "Wannan zancen da ne. Ba ka duba sabuwar manhajar da aka sa mana ba?" Yanzu ba sai da suna ba. Ka sa gari, ka sa sana'a, ta tace maka rajistar sansanoni gaba ɗaya.

Na sa Belel, mutane rututu. Ta ce tela ne. Na ƙara, saura huɗu. Na tambayi sunanta, na sa a gurbin sunan uwa. Saura ɗaya! Yana Yola da ransa, har da hoto.

Na juya mata kwamfutar na ce, "Inna, ba sai kin faɗa ba, gyaɗa kai kawai."

Wallahi ba ta gyaɗa ba. Ta dafa hoton da hannu biyu, ta ƙwala kira duk ofis na ji: "Hammadu!"