Motar da Ba ta Albasa Ba

A shekarar da aka kori baƙi 'yan Ghana, mako guda bayan zaɓe, muna zaune a wata tunga yamma da Lambara. Ranar Talata ce. An yi ruwa da asuba. Hannatu, matata, ta dama kunu ta riƙe mini kwanon na sha, domin kuturta ta cinye yatsuna tun ina saurayi. A wurin jinyar cutar ne na karɓi Almasihu, a can kuma na aure ta. Na buɗe Bishara ta ajami, rubutun da na koya a allo, na yi addu'a da ƙarfi kamar kullum. A lokacin ina ɗaga murya ne kamar mai kiran wanda ke hayin rafi.

Mu manoman albasa ba ma sayarwa da rani. Mukan zuba ta a rumfar kara, mu jira damina, lokacin da take tsada. Idan aka ji rurin babbar motar masu saye, kowa sai ya fita tarya, don wanda ya riga isa shi ake fara auna wa.

Da hantsi muka ji rurin. Mata suka bar turmi. Hannatu ta ɗora kwando a ka ta fita da sauri, tana yi mini dariya wai na cika nawa.

Motar ba ta tsaya inda ake tsayawa ba. Ta shigo har bakin rijiya. Maza suka diro da adduna da gorori. 'Yan bangar siyasa ne, an ce musu tungarmu ta jefa ƙuri'a inda bai kamata ba.

"Ku kwanta!"

"Sa wuta!"

Waɗanda suka riga isa su aka fara sara. Na ji kwanduna suna faɗuwa, albasa na gangarawa. Rumfunan kara suka kama. Hayaƙin albasa ya rufe idon kowa.

Na sami Hannatu a bayan danga. An sare ta a cinya. Na tura kafaɗata ƙarƙashin hammatarta, muka ja jiki cikin gero. Geron ya fi mu tsawo, shi ya ɓoye mu.

Da azahar ihu ya lafa. Jini bai tsaya ba. Na san abin yi: a yaga zane, a ɗaure sama da raunin, a ƙulla tamau. Na yaga da haƙori. Na naɗa da dungulmin hannuna. Ƙulli ya gagare ni. Na sake, ya kwance. Hannunta ya yi sanyi, ba ta iya ja. Na danna goshina a kan tsumman ina tokarewa.

Na buɗe baki in yi kira kamar yadda na saba. Murya ba ta fito ba. A nan ne na san ba mu kaɗai ba ne a kunyar geron nan. Ban ga komai ba, ban ji magana ba. Kamar yadda mutum kan san wani ya shigo ɗaki ya zauna kusa da shi, haka na sani. Jinin bai ragu ba. Amma na iya duban fuskarta. Na ce, "Yana nan." Ta ce, "Sai yanzu ka lura?"

Da la'asar na ji kofaton jaki. Sanda ne, yayana, wanda bai yi mini magana ba tun ranar da aka yi mini baftisma. Ya bi jini ya same mu. Ya kwance rawaninsa, ya ƙulla a take. Ya ce, "Tashi, Garba, kama mata kai."

Muka bi hanyar gona zuwa asibitin Bodinga, shi yana jan jaki, ni ina tallafe da ita. Ban roƙi kome ba a hanyar nan. Na yi ta faɗa wa Ubangiji a hankali inda muka kai, kamar abokin tafiya. Har yau haka nake addu'a. Maƙwabta sun daina jin muryata ta katanga.

Muna hango rufin kwanon Bodinga, ana kiran magariba, kanta ya yi nauyi a kafaɗata.

Da safe na rasa wanda zai haƙa kabari, ni kuwa ba na riƙe fartanya. Sanda ya aro, ya tuɓe riga. Na ce ya bari, mutane za su yi magana. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ita ta yi jinyar Inna har ta cika, ban taɓa ce mata sannu ba."

Ya haƙa shi kaɗai, ya gyara gefen da tafin hannu. Da ya gama ya tsuguna a bakin ramin ya ce, "Sannu, Hannatu."