Zoben Donko

Donko mutumin Kali ne, a tsibirin Ugljan. Tun yana saurayi yake aiki a jirgin da ke karɓo kifin sardin daga masunta a tsakiyar teku, ya kai birnin Zadar. Aikinsa shi ne ƙanƙara: ya shimfiɗa ta a akwati, ya jera kifi, ya rufe kafin rana ta taɓa su. Bai iya wani aikin ba, bai kuma nema ba.

Matarsa Tonka ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Zoben aurensu kuwa bai taɓa barin yatsarsa ba, har nama ya tashi ya rufe gefensa.

Sai masu sayen kifin suka kawo doka: hannun da zai taɓa kifi, ba zobe. Nevenka, mai duba tsaftar jirage, ita ta kawo saƙon. A gabansa ta girma.

"Kawu, yana yaga safar hannu, datti kuma na maƙalewa a ƙarƙashinsa," ta ce, idonta a ƙasa. "In bai fita ba, Litinin ba za ka hau ba."

"Ba ya fita, 'yata."

"A datse yatsar mana," in ji Vicko, mai jirgin. "Tsoho, me kake yi da goma?"

Aka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa.

Ranar Lahadi da aka taso daga coci, ya bi Kate, yayar Tonka, har gida. Ta zaunar da shi, ta tsoma hannun cikin ruwan sanyi, ta shafe shi da man zaitun. Ta ɗauko zaren gyaran komar kamun kifi ta naɗe yatsar tam.

"Yaya, da zafi."

"Yi shiru, rago. Tonka da ta haifa maka 'ya'ya huɗu fa?"

Tana warware zaren a hankali, zoben na tafiya, har ya faɗo a cinyarta. Wurin ya fito fari fat, siriri, kamar yatsar ango. Suka daɗe suna kallo. Sannan Kate ta ƙulle zoben a hankici ta sa masa a aljihun ƙirji.

Litinin Nevenka ta duba hannunsa, ta matsa gefe ya wuce. Da ya cusa hannu cikin ƙanƙara, farin wurin ne ya fara jin sanyi.

"Lafiya?" in ji Vicko.

"Lafiya. Haka hannun Tonka yake in ta dawo daga wanki."

Ya jawo akwati na gaba.