Na Sayi Abincin Abokina Ina Yabon Azuminsa

Edita, ina roƙon fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. Ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa, saboda akwai waɗanda abin ya shafa da suke raye.

A farkon shekarun 1980 ni ɗalibin jami'a ne a Abijan, ɗan gata kuma ɗan baki. A unguwar Treichville aka haife ni. Mahaifina Bakatsine ne da ya zo fataucin goro, Allah ya buɗa masa ya koma shigo da shinkafa ta tashar jiragen ruwa. A gidanmu ba a sauke tukunya, kuma abin da aka fi yi mini faɗa a kai shi ne barin abinci a kwano. Faransanci ya fi zama a bakina bisa Hausa, amma a kowane harshe ni gwanin tsokana ne. In na laƙaba wa mutum suna, sai dai ya haƙura, don har malamai za su ɗauka. Ina jin daɗin wannan baiwa tawa ƙwarai, ban taɓa tunanin tana ciwo ba.

Hausawa ba mu da yawa a sashenmu, shi ya sa na shaƙu da wani yaro ɗan unguwar Bracodi, can cikin yankin Adjamé. Siriri ne, mai tsafta, rigunansa kaɗan ne amma kullum a goge. Ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, kuma in gaskiya za a faɗa, da bayaninsa na tsallake shekarar farko. Na san mahaifinsa ɗan dako ne da ya rasu, na san mahaifiyarsa wankau take yi, na san yana da ƙanne. Duk na sani, amma a kaina talaka shi ne mai yagaggen kaya da ke miƙa hannu a ƙofar masallaci. Wanda yake zaune kusa da ni a aji, yana karɓar burs, wato ɗan kuɗin tallafin da ake ba ɗalibai, yana gyara mini Faransanci, ban ga ta inda zai zama talaka ba. Lokacin kuwa farashin kofi da koko ya faɗi, gari ya yi zafi, tallafin ma sai ya yi ta jinkiri. Ni jinkirin bai hana ni komai ba sai sayen sabon takalmi.

Abin ya fara ne da Litinin da Alhamis. In aka tashi da rana muka nufi ɗakin cin abinci na ɗalibai, sai ya ce mu je, shi yana azumi. Ba wanda ya ga wani abu a ciki. Daga nan aka ƙara da kwanakin tsakiyar wata, sai ramuwar wani azumi da ya ce ya sha yana yaro, sai wani alwashi da ya ce ya ɗauka. Kafin shekara ta zagayo, ranakun da yake ci sun zama su ne abin mamaki. Ni kuwa sai na samu abin yi. Na sa masa suna Waliyyi, ina cewa a matsa a ba shi hanya kada albarka ta zube. Sunan ya kama. Har abokanmu Kiristoci in sun sayi aloko, soyayyar ayaba ke nan, sai su juya masa baya su ci, wai don girmamawa. Shi dai murmushi yake yi. Yanzu na gane cewa da wannan suna na rufe masa ƙofa, don wanda aka ce waliyyi ne ba zai iya buɗe baki ya ce a sam masa ba.

Ga inda ya fi yi mini nauyi. A makaranta ana ba kowane ɗalibi rabonsa na tikitin abinci duk wata, ni kuma ina son in riƙa jawo abokaina na gari su zo su ci, a ce ni ne mai gayya. Wata rana ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ina son nasa, tunda shi ba ya amfani da su. Na ce ina so. Ban tsaya nan ba, sai da na yi masa ciniki irin na ɗan kasuwa, na ce ai in ban saya ba asara za su yi, sai ya rage. Ya rage. Haka muka yi ta yi wata bayan wata, ni ina alfahari a raina cewa na gaji mahaifina wajen taya kaya. Ina karɓar abincin bakinsa da hannun dama, ina yabon ibadarsa da bakina.

Mahaifiyata, Hajiya, ta fi ni ido. Ranar da na kai shi gida don mu yi bita, ta kalle shi sau ɗaya ta sa aka kawo tuwo da miyar kuɓewa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ta yi haƙuri yana azumi. Bayan ya tafi ta kira ni ta ce wannan yaron ba ramar ibada ce a jikinsa ba, in riƙa tsare shi har magariba ya sha ruwa a nan. Na yi dariya na ce mata ta bar shi, irin mutanen nan ne da suka sayar wa Allah ransu, kuma uwarsa tana jiransa da abin buɗa-baki. Ban san haka ba, ƙirƙira na yi don ina sauri in fita yawo. Ta ce to, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Sau da yawa bayan haka ta tambaye ni shi, kullum amsata ɗaya ce, yana nan yana ta tara lada.

A shekararmu ta ƙarshe, ana saura 'yan makonni jarrabawa, na zagaya bayan babban ɗakin lacca da tsakar rana, sai na tarar da shi a sunkuye a bakin famfo. Ba kurkurar baki yake yi ba. Sha yake yi, yana tsayawa ya huta ya ƙara, kamar mai cika tulu. Da safen nan kuwa ya ce mana yana azumi. Ya ɗago muka haɗa ido, ruwa na bin haɓarsa. Har yau ina ganin wannan kallon, roƙona yake yi in yi shiru. Da ina da hankali ko na ƙwayar gero, da na tambaye shi abin da ke faruwa, ko in ja hannunsa mu je mu ci abinci ba tare da na ce komai ba. Amma ni abin da na gani shi ne labari mai daɗi. Kafin a shiga lacca ta gaba kowa ya ji, sunan ya koma Waliyyin Famfo, har wani ya zana famfo da rawani a kan allo. Ya shigo ya gani, ya zauna ya buɗe littafinsa. Daga ranar ban sake ganin ya kai ko ɗigon ruwa bakinsa a gaban mutane ba. Tunda an ce ƙarya yake yi, sai ya mayar da azumin na gaske.

Abin da ban sani ba shi ne, duk ranar da babu lacca yana zuwa unguwar tashar jiragen ruwa yana dakon buhuna a manyan rumbunan ajiya, inda mahaifinsa ya yi aiki. A can ma 'yan dako sun san shi da azumi, don akwai 'yan unguwarmu a cikinsu kuma labari ba ya kwana. Wata Asabar da rana ta take, ya ɗauki buhun shinkafa zai hau katakon da ake bi a shiga mota, sai ya yanke jiki ya faɗi. Waɗanda suke wurin sun ce tun safe suke miƙa masa ruwa yana girgiza kai. Aka kai shi asibiti. Likita ya ce gyambon ciki ne da ya daɗe ya huje, ga jiki ya bushe. Da labari ya iso ni na ruga, na same shi ba ya gane kowa. Washegari ya cika. Ban taɓa yarda na bincika ko shinkafar wane ne a buhun ba, saboda ina tsoron amsar.

Mun je ta'aziyya ni da Hajiya. Ranar na fara shiga gidansu, bayan duk shekarun da nake kiransa aminina. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna a jere, igiyoyin shanya ko'ina, nasu ɗakin guda ne a lungu. Da aka gaya wa mahaifiyarsa ko mu su wane ne, sai ta taso daga cikin mata ta kama hannun Hajiya da hannu biyu tana kuka tana godiya. Ta ce Allah kaɗai zai biya mu. Ta ce shekara biyu ke nan ɗanta bai ci abincin gida ba, kullum yana ce mata ya ci a gidan abokinsa na Treichville, rana da dare, a ba ƙannensa rabonsa. Ta ce duk abin da ya samu na makaranta da na dako a hannunta yake zubewa, kuma da ba don mun ɗauke mata cikinsa ba da ba ta san yadda za ta yi da sauran ba. Sannan ta juyo gare ni ta ce ɗana, ya ce mini ko lomarka ba ka ci sai da shi, Allah ya ba ka masu yi maka.

Hajiya ba ta ƙaryata ta ba. Ta ce amin, ta ce ai ɗa na kowa ne, sannan ta juyo ta kalle ni. Na gwammace a ce mari ta kwaɗa mini a gaban matan nan. Ni ma na ce amin, na karɓi addu'ar da ban cancanta ba, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da za mu fito ƙanwarsa ta rako mu, ta gaya mini a hankali cewa ita ta san wani abu, don ta sha ganinsa yana kankare ƙanzon tukunya in ya ɗauka ba kowa, amma ya hana ta faɗa. A cikin mota na gaya wa Hajiya maganar tikiti da ta famfo, ban rage komai ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi baki shi ke yanka wuya, amma ba kullum wuyan mai shi yake yanka ba. Tun daga makon ta riƙa aika abinci Bracodi har ƙannen suka girma, kuma ni take ɗora wa kwanukan. Uwar ta rasu tana sa mini albarka, ba ta taɓa sanin gaskiya ba. Na ci jarrabawar nan da bayanan da ya rubuta mini da hannunsa, kuma da takardar shaidar da na samu nake cin abinci har yau.

Na yi istigfari, na yi sadaka da sunansa, amma da-na-sani ƙeya ce. Abin da na koya shi ne talaucin ɗalibi ba ya yawo da tsumma. Yana sa riga a goge, yana zama a layin gaba, yana cewa na ƙoshi, ko ba na jin yunwa, ko ina azumi, domin mutunci shi ne abu na ƙarshe da ya rage masa kuma ba zai sayar da shi a kan kwanon shinkafa ba. Ku iyaye masu hali, ku dubi abokan 'ya'yanku da kyau. Ku malamai, ku lura da wanda ba ya tashi in an tashi cin abinci. Ku kuma ɗalibai masu baki irin nawa, in kun kama ɗan'uwanku a wata ƙaramar ƙarya, ku tambayi kanku abin da take rufewa kafin ku kai ta kasuwa. Kada ku tambayi mai kunya ko ya ci, don zai ce ya ci. Ku ajiye abinci a tsakani ku ce ba kwa iya ci ku kaɗai.

Yanzu in ɗalibi ya zo ofishina neman aikin hutu na miƙa masa abinci ya ce yana azumi, ba na musa masa, ba na kuma yabonsa. Cewa nake yi madalla, to ya zauna mu jira magariba tare. Kowane azumi yana da faɗuwar rana, amma ni shekara biyu ina kiran abokina Waliyyi, ko sau ɗaya ban tambaye shi inda yake buɗa-baki ba.