Ranar da Yahaya Ya Sa Takalmi

A unguwar Itapagipe, can bayan gidajen masunta, an yi wani tsoho da ake kira Ɗanbaba mai albarushi. Bakano ne. An kamo shi yana saurayi, aka tsallako teku da shi zuwa birnin Salvador, inda unguwar take, ya sha bauta har Allah ya sa ya sami kansa. Sana'arsa haɗa kayan wasan wuta, irin waɗanda ake cillawa sama ranar bikin coci su fashe su watsa tartsatsi. Shi Musulmi ne, bikin ba nasa ba ne, amma ciki bai san wannan ba.

Hausawan da ya sani a garin sun ƙare. Wasu ƙasa ta rufe musu ido, wasu harshensu ya koma Yarbanci da yaren Turawan Fotugal, har sai ka gaishe su da Hausa su tsaya suna lalube. Wajen shekarar 1871 mutum ɗaya tak ya rage masa wanda zai zauna su yi hira da harshen gida, wato Yahaya, Bazazzagi, ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Comércio, bawan wata gwauruwar Baturiya da ke unguwar Pelourinho a kan tudu. Duk Lahadi Yahaya zai tako har Itapagipe, su zauna gindin mangwaro suna tsiyar Bakano da Bazazzagi, wannan ya ce Kanawa ba su iya komai ba sai ciniki, wancan ya ce Zagezagi ba su iya ko cinikin ba. In Ɗanbaba ya rasa wannan mutumin, ya rasa bakinsa ke nan, kuma ya san haka.

A da a turmi yake daka haɗinsa, kamar yadda ya ga ubansa yana yi wa maharba a gida. Ranar da turmin ya tashi da shi ya cinye masa yatsu biyu, sai ya rantse ba zai ƙara tsayawa a kan albarushi da taɓarya ba. Ya nemi ƙaramar gangar katako, Yahaya ya ɗauko masa ita a ka tun daga Comércio yana mita har ƙofa. Ɗanbaba ya ciccire duk wani ƙarfe da ke jikinta, ya ɗaure ta da igiya, ya toshe da itace. Ya karɓi dalmar da masunta ke rataya wa komarsu, ya mulmula ta dunƙule-dunƙule ya zuba a ciki, don dalma ba ta ƙyasta wuta. Ya ɗora gangar a kan sanda cikin wata rumfa mai sakayau ɗin rufi nesa da gidaje, ya gina katangar ƙasa mai kauri, yana zaune a bayanta yana jan igiya, ganga tana juyawa tana niƙa.

Dokokin rumfar nan kuwa, ko na masallaci albarka. Ba a shiga da lofe, ba a shiga da wuƙa, ko zoben ƙarfe sai an tuɓe. Kaɗan-kaɗan yake niƙawa, ya share ƙasa, ya yayyafa ruwa. Kuma kowa ƙafa tsirara, domin ƙusa ɗaya ta takalmi ta gogi dutsen bakin ƙofa, sai dai a tsinci mutum a kan bishiya. Maƙwabta suna cewa tsohon ya cika tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ai gudu zai yi.

To, a garin nan takalmi ba abin wasa ba ne. Bawa ba ya sa shi, ko da ya yi ado da riga mai tsada. Da an dubi ƙafarka an san ko kai wane ne.

Wata rana gwauruwar nan ta kira Yahaya ta ce ta 'yanta shi. Kada ku ce tausayi ne. Bayansa ya riga ya lanƙwashe, ba ya iya hawa tudu da buhu, ita kuma ba ta ga dalilin ciyar da tsoho ba. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Amma Yahaya bai dubi wannan ba, murna ta cika shi. Ya sauka kasuwa ya samo wani tsohon takalmin soja, ƙasansa duk ƙusoshi, ya cusa ƙafafun da ba su taɓa sanin matsi ba, ya kama hanyar Itapagipe yana ɗingishi don ya nuna wa amininsa.

Da hantsi ne, Ɗanbaba yana cikin rumfa, ya buɗe ganga yana tankaɗe, gari ya bazu a ƙasa, lokacin da ya fi kowane haɗari. Sai ya ji ƙwas, ƙwas a kan duwatsu. Ya ɗaga kai ya ga Yahaya baki har kunne, saura ƙiris ya taka bakin ƙofa.

"Tsaya nan! Cire takalmin nan!"

Da ƙarfi ya faɗa, har matan masunta da ke shanya kifi suka juyo, ɗaya ta ƙyalƙyale da dariya. Yahaya ya tsaya. Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi matan, murmushin ya gudu daga fuskarsa.

"Ɗanbaba, tun ina da baƙin gashi nake jiran yau. Turawa sun bar ni na sa, kai ne za ka ce in cire?"

Abin da ya kamata bai fi Ɗanbaba ya fito ya ja ƙofa ba, ya kama hannun mutumin su tafi gindin mangwaro, ya yaba takalmin, ya ce bai dace da ƙafar Bazazzagi ba. Amma tsoro ya riga ya kama shi, shi kuwa tsoro ba ya zaɓen magana. Sai ya ce, "Albarushi bai san ɗa ba, bai san bawa ba."

Gaskiya ya faɗa, sai dai ba ranarta ba ce. Yahaya ya juya ya tafi da ɗingishinsa.

Lahadi ta zo, bai zo ba. Ɗanbaba ya shimfiɗa tabarma ya naɗe. Yakan ce a ransa ai rai ya ceta, har rai biyu, don me zai ba da haƙuri? Shi kuma Yahaya ya gaya wa mutane ba zai ƙara zuwa inda ake tuɓe shi gaban mata ba. Girman kai rawanin tsiya, kuma duka biyun sun naɗa. Damina ta wuce, bukukuwa suka wuce, wutar Ɗanbaba tana fashewa a sama jama'a suna shewa, shi kuwa sai ya yi wata bai furta kalmar Hausa ba in ba a addu'a ba. Kewa ta dame shi matuƙa. Sau da yawa yakan yi niyyar hawa tudu ya je wurin Yahaya, sai ya ce bari Lahadi mai zuwa.

Wata safiya wata Bayarbiya mai tuyar ƙosai, wadda Yahaya ke kwana a zauren gidanta, ta zo ta tsaya nesa da rumfa. Ta ce Yahaya ya cika da asuba, kuma ba su san wanda zai yi masa wanka irin na mutanensa ba.

Ɗanbaba ya tarar da shi kwance a kan tabarma, ya rame, an lulluɓe shi da zane, takalmin yana ƙafarsa. Matar ta ce shi ya roƙa, ko ya mutu kada a bari kowa ya ga ƙafarsa tsirara. Ɗanbaba ya sa aka kawo ruwa, ya sallami kowa, ya ja labule. Ya daɗe a durƙushe kafin ya kai hannun nan mai yatsu uku kan igiyar takalmin.

"Yahaya," ya ce a hankali, "ka yafe mini. Sai na cire."

Ya ci gaba da yi masa magana har ya gama wankan, domin ya san in ya tashi daga nan ba wanda zai ƙara yi wa Hausa.