Inda Za A Sa Kan Sakimin

Duk mai bin hanyar Tamanredjo da sassafe ya san rumfar Wagiyem, in bai san sunanta ba ya san ƙanshin romon kazarta. Direbobin bas nan suke karyawa, masu tafiya aiki Paramaribo nan suke tsayawa su sha kwano guda da ƙwai da yajin da ke sa ƙato hawaye. Mace ce gajera, mai faɗa, ba ta iya ganin cokali a karkace ta ƙyale. Tun tana budurwa take kan tukunyar nan. Da ita ta aurar da 'ya'ya mata biyu, da ita ta tura autanta Suwarno karatun addini ƙasar waje. In ranta ya ɓaci kuwa, cewa take da ta sani da firiji ta saya.

Garinmu masallaci biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Kakanninmu da Turawan Holan suka kwaso daga tsibirin Jawa zuwa gonakin rake a nan Suriname, yamma suka saba fuskanta in za su yi salla, don a can gida Makka tana yamma da su. Da suka sauka daga jirgi suka ci gaba da abinsu. Daga baya masu karatu suka ce ai an haye teku, yanzu Makka gabas take. Shi ke nan gari ya tsage, 'yan yamma da 'yan gabas, har yau an rasa mai ɗinkewa.

Wagiyem kuwa tsakiyar tsagar ta faɗa. Yayanta Tukiman, wanda ya goya ta bayan rasuwar iyayensu, shi ne limamin 'yan yamma, gado daga uba, dattijo mai kai kamar ƙoƙon kwakwa. Suwarno ya dawo da gemu da wando ɗangale da waya mai nuna alƙibla, ya zama mai wa'azin 'yan gabas. Kawu ya ce yaro ya raina kakanni, yaro ya ce kawu ya ba Ka'aba baya. A duniya maza biyun nan take taƙama da su, kuma aikinta ke nan shekara da shekaru: ta hana su cinye juna. In ɗaya zai zo cin abinci sai ta aika wa ɗayan cewa yau tukunya ta ƙone.

Mijinta Sakimin ba ruwansa. Tsohon direban tarakta ne a gonar shinkafa, mai sanyi kamar ruwan randa. Ran Juma'a ya bi ɗansa gabas, da yamma ya je ya ci sadaka a gidan surukinsa Tukiman. Kowane ɓangare na lissafa shi a nasa, shi kuwa murmushi kawai yake. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya daɗe a kwance, har wata safiya ta damina Allah ya karɓi abinsa.

Aka yi masa wanka, aka sa likkafani, aka haƙa kabari. A nan aka tsaya cik. Ramin dai ɗaya ne, daga arewa zuwa kudu, kuma kowa ya yarda a kan hannun dama ake kwantar da mamaci. Amma in kai ya yi arewa, fuska ta kalli yamma, in ya yi kudu, ta kalli gabas. Ƙasarmu kuwa laka ce, rami ba ya jiran mahawara, ruwa ya riga ya fara tsattsafowa daga ƙasa. Ga hadari ya haɗo.

Wagiyem na zaune cikin mata tana jin su a baranda.

"Kawu, da hujja nake magana," in ji Suwarno. "Ga taswira, ga waya, duba da idonka."

"Wayarka ce ta binne kakanka?" in ji Tukiman. "Kaf maƙabartar nan kai arewa yake. Uban naka kaɗai za ka kwantar ƙafarsa na kallon kawunan mutane?"

"Kuskure ba ya zama daidai don ya tsufa."

"Rashin kunya ma ba ta zama ilimi don ta hau jirgin sama."

Haka suka yi ta yi, wannan ya jawo aya, wancan ya jawo kaka, har mai haƙa ya aiko cewa ya fara kwashe ruwa da bokiti. Da suka ga ba sarki sai Allah, suka shigo wurinta tare, abin da ba su taɓa yi ba.

"Inna, ke kika zauna da shi," Suwarno ya ce yana durƙuso. "In yana salla a ɗaki, ina yake fuskanta?"

"Faɗi gaskiya, Yem," in ji Tukiman. "Kada ki ji nauyin yaro."

Ta dube su. Baƙin ciki ya tokare ta, haushi kuma ya hau kansa ya zauna.

"Inda na juya shi nan yake kallo," ta ce. "Da safe in juya shi wajen taga, da rana in juya shi wajen bango, don kada bayansa ya ruɓe. In lokaci ya yi ya motsa leɓe, ya yi sallarsa. Da ɗayanku ya taɓa zuwa ya kama mini kafaɗarsa, da ba ku zo kuna tambayata ba."

Kunya ta kama su. Amma kunya ba ta binne gawa, dole dai a ce wani abu, kuma ita suke kallo. Sai ta yi dabarar mai rumfa, ta raba kazar biyu. Ta ce ɗa shi ke da ubansa, a sa kai kudu. Sadakar bakwai kuma, wadda Suwarno ke kira bidi'a, za a yi ta, kuma Tukiman ne zai ja addu'a. A ganinta kowa ya samu cinya.

Ina. Tukiman ya saɓa lemarsa ya fita, tsofaffinsa suka bi shi, ko sallar gawar ba su tsaya ba. Aka rufe Sakimin cikin yayyafi. Ranar bakwai ta tashi tun asuba ta dafa shinkafa da kaji da soyayyen rogo na mutum ba iyaka. Suwarno ya aiko da saƙo cewa yana ƙaunarta amma ba zai taka wurin bidi'a ba. Tukiman ko saƙon ma bai aiko ba. Tabarmi a shimfiɗe, ƙudaje kaɗai suka amsa gayyata.

Ba ta yi kuka ba, zagi ta yi, ƙasa-ƙasa, tana zuba abinci a kwano. Ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan yayanta da niyyar ta wanke shi tas. Ta same shi a zaune bakin masallacinsa shi kaɗai, yana gyaran wata tsohuwar tabarma.

"Yaya, ka kyauta," ta ce, ta dire kwanon. "Mutumin da ya ci abincinka shekara da shekaru, ka kasa ɗaga masa hannu. Shi ya zaɓi inda aka sa kansa?"

"In na mutu, kada ɗanki ya taɓa ni," ya ce, bai ɗago ba.

"To wa zai taɓa ka? Ɗa ba ka da shi. Masu bin ka salla, wanne ne cikinsu zai iya ɗaga makara bai bi ka ramin ba? Yaran duk sun koma gabas ko sun tafi Holan."

Ta faɗa ne don ta ƙona masa rai, sai ta ga ya saki tabarmar ya juya yana duban wajen maƙabarta. A nan ta gane ba don Sakimin ya yi ta kumfar baki ba. Kansa ya gani a cikin likkafanin nan, a hannun Suwarno, ana juya shi ya ba kaburburan matarsa da ubansa baya.

"Ke kaɗai yake jin tsoro," ya ce a hankali. "Ranar ki tsaya a kaina, Yem. Kada ki riga ni tafiya."

Wagiyem ta zauna a kan dakali kusa da shi. Ta gaji da su duka, kuma ta san za ta tsaya ɗin, ta san kuma ranar ɗanta ne zai saɓa lema ya fita.

"Oh ni Wagiyem," ta ce. "Mutuwar ma sai na bi muku layi. Ci abincin, Yaya, ka yi wa mijina addu'a, ka kalli duk inda ka ga dama."