Man Shanun Ummussalma

Zainabu taubashiyata ce, 'yar ƙanwar babana, don haka ina da ikon in faɗi aibinta a gaban kowa, kuma zan faɗa. Kunya ce aibinta. Ba irin kunyar da ake yabon mace da ita nake nufi ba, irin wadda take hana mutum neman ruwa yana fama da ƙishirwa. Ta haifi 'yarta ta fari, Ummussalma, ta zauna shekara talatin da shida ba ta kira sunanta ba, ko a gabanta ko a bayan idonta.

Mu Fulani ne da muka daɗe da zama. Fillancin ya tafi tun zamanin kakanninmu, shanun ma sun ragu, amma alkunyar ɗan fari tana nan daram. Sauran mata sukan sassauta idan yaro ya girma. Zainabu kuwa ta riƙe abin kamar farilla. Idan za ta yi zancen 'yar tata sai ta ce "waccan", ko "ta Birnin Kudu". In kuwa suna zaune a tabarma ɗaya, ni za ta kalla ta ce, "Jummai, ki ce mata abincin zai huce." Na yi shekara da shekaru ina isar da saƙo tsakanin mutum biyu da gwiwarsu ke gogar juna.

Aure ne ya kawo Zainabu Kwandiko daga Basirka. Mijinta, marigayi Malam Sada, manomi ne mai 'yan shanu a bayan gida. Da aka yaye Ummussalma sai kakarta ta wajen uwa ta zo ta goya ta zuwa Basirka, kamar yadda aka saba. A can ta tashi, a can ta yi firamare, daga nan sai makarantar kwana, sai karatun jinya. Yanzu tana aiki a babban asibitin Birnin Kudu. Adda take kiran uwarta, yadda mutum zai kira yayarsa. Zainabu ta haifi wasu huɗu bayanta, waɗannan kuwa tana kwaɗa musu kira da sunayensu har a ji a bakin rijiya.

Sana'arta soya man shanu. Kowace mace a wajenmu ta iya kaɗa nono ta cire mai, amma suyar Zainabu daban ce. Takan wanke man da ruwan sanyi har sau uku, ta ɗora a kan garwashi, ba harshen wuta ba, ta zauna a gindinsa ba ta magana da kowa. Da kunne take gane ya yi: in ƙarar tafasar ta kwanta, ruwan ya ƙone ke nan. Sai ta jefa albasa kaɗan, ta sauke, ta tace da farin ƙyalle. Man yakan fito garau, ya yi watanni a kwalba bai canza ƙamshi ba. Ummussalma ce ta fara kai wa abokan aikinta kwalba ɗaya, kwalba biyu, har ya zama duk mai jegon da ke unguwarsu tana saƙo.

Abin da ke cin Ummussalma a rai ni kaɗai na sani. Shekara uku da suka wuce Zainabu ta kwanta a asibitin Birnin Kudu kwana tara. 'Yar ce ta yi mata komai, ta juya ta, ta goge mata jiki, ta ba ta kunu a baki. Ranar sallama Zainabu ta bi ma'aikatan ɗakin ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka da sunayensu. Da ta zo kan 'yarta sai ta gyara mayafi ta ce, "Jummai, mu tafi kada mota ta cika." Ummussalma ta raka mu tasha tana dariya, amma da ta ja ni gefe idonta ya kawo ruwa.

"Gwaggo, na san al'ada ce," in ji ta. "Wallahi na sani. Amma ta yaya mutum zai gane inda al'ada ta tsaya, inda kuma ba a damu da shi ba ne kawai?"

Na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, ban taɓa rasa amsar da zan ba yaro ba. Ranar na rasa, kuma abin ya yi mini ciwo.

Bara bayan kaka Ummussalma ta zo da wata dabara. Ta ce akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira da take haɗa wa masu ƙananan sana'o'i shafin intanet. Za ta yi maka tambayoyi, ka amsa da baki ko da Hausa ne, ita kuma ta zana maka tambari, ta zaɓi launi, ta rubuta bayanin kayanka, ta jera hotuna da lambar waya. Masu nema daga Dutse ko Kano sai su gani su kira. Ta sa manhajar a wayata, ta haɗa da tata don ta riƙa ganin abin da muka yi. Tana da aiki washegari da safe, saboda haka ta hau acaɓa ta bar mu da sauran tambayoyin.

A gidan Zainabu waya ba ta kamawa sai a bayan rumbu. Can muka shimfiɗa tabarma da hantsi. Muryar mace ce a cikin manhajar, mai Hausar 'yan rediyo. Zainabu ta gaishe ta, ta tambaye ta mutan gida, sannan aka shiga aiki. Kafin in gama gyara tabarau, sai ga tambari ya fito: wata saniya mai baƙi da fari tana murmushi.

Zainabu ta ƙura mata ido. "Wannan baiwar Allah wa ya yanke mata tozo?"

Na ɗauki hoton farar saniyarta na tura, aka sake zanawa, tozo ya dawo, ƙaho ya miƙe. Zainabu ta gyaɗa kai ta ce yarinyar cikin wayar tana da saurin fahimta. Daga nan aka zo kan suna. Manhajar ta kawo uku, na farkonsu "Man Shanun Inna Zainabu".

"Sunana a titi? Kowane direba ya karanta? A'a."

"To sunan wa za a sa?"

Ta tsinci wani kara tana zane a ƙasa. "Wanda ya yi wahalar abin ai shi ya kamata a sa."

Na gane sarai, amma na yi kamar ban gane ba. "Wa ke nan?"

"Kin sani."

"Ni na sani, yarinyar cikin wayar ce ba ta sani ba. Gaya mata."

Ta matso da bakinta ta ce, "A sa sunan ta Birnin Kudu." Nan take manhajar ta rubuta "Man Shanun Birnin Kudu", har da yi mana barka da zaɓen suna mai kyau. Na yi dariya har da tari. Zainabu ta harare ni ta ce in rubuta da hannuna mana, tun da ni ce malama. Na ce yau yatsuna ciwo suke yi. Ƙarya nake, kuma ta san ƙarya nake.

Muka tsallake sunan muka je wurin da ake ba da tarihin sana'a. Da yake ba mu ce komai ba, manhajar ta cike gurbin da nata. Na karanta mata: wai mun gaji wannan sana'a kaka da kakanni, kuma burinmu shi ne gamsar da abokan ciniki. Zainabu ta tsuke fuska.

"Ƙarya ta yi. Innata ba ta taɓa soya mai ba, ɗanye take sayarwa. Ni kuma ba don ciniki na fara ba."

"To don me kika fara?"

Ta dubi wayar. Can ta ce, "Wannan abin, mutum ne?"

Na ce ba mutum ba ne, na'ura ce.

"Ba ta da dangi? Ba ta zuwa biki?"

"Ba ta zuwa ko'ina."

"To je ki duba mini wake a wuta."

Babu wani wake a wuta, amma na nuna mata inda za ta danna na tashi. Na zauna a tsakar gida ina korar kaji wajen rabin awa. Da ta fito ta miƙo mini wayar ba ta kalle ni ba, ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo.

Sai da na koma gidana na buɗe. A saman shafin, ƙarƙashin farar saniya, an rubuta "Man Shanun Ummussalma". Manhajar ta tsara labarin da Hausa mai tsabta, amma ta ajiye muryar yadda take, sai na danna na saurara. Da farko numfashi kawai ake ji da kukan kurciya. Sannan Zainabu ta fara, ƙasa-ƙasa.

Ta ce shekarar da aka kai yarinya Basirka, shanun gidan innarta sun ƙare, babu ko ta tatsa. Ta kwana tana tunanin yarinya za ta ci tuwo babu mai. Akwai wani Datti mai keke da yake zuwa cin kasuwar Basirka duk mako, sai ta fara ba shi curin mai a kwano ya kai. Kafin ya isa rana ta narkar da shi, bayan kwana biyu ya yi wari. Shi ne ta shiga gwada suya. Ta ƙona na farko, ta ƙona na biyu, mijinta har ya tambaya ko shanun sun daina ba da mai ne. Da ta gane kan abin, ba ta fasa aikawa ba ko mako ɗaya har shekara goma sha ɗaya, kuma ta roƙi innarta kada ta faɗi daga inda yake zuwa. Ta ce Datti yakan dawo ya ce mata ya ga yarinya ta yi ɓulɓul, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba, ta shiga ɗaki ta yi ta murna ita kaɗai.

Manhajar ta tambaye ta sunan yarinyar. Sai na ji Zainabu ta ce, "Ummu…" ta tsaya. "Ummussalma. Sunanta Ummussalma. Ita ce ta fari." Ta sake maimaitawa sau ɗaya a hankali, ba tare da an tambaye ta ba.

Ni da nake taƙamar na san cikin Zainabu da bayanta, ban taɓa jin wannan labari ba, don lokacin da ta fara ina makarantar horon malamai. Na yi kuka sosai. Da na share ido sai na ga manhajar tana tambaya ko a ɗora muryar mai sana'a a shafin don masu ziyara su ji. Na san abin da Zainabu za ta ce. Na danna "e" da gangan, Allah Ya yafe mini.

Washegari kafin la'asar sai ga acaɓa a ƙofar gidan Zainabu. Ummussalma ce, ko kayan aiki ba ta cire ba, hijabi kawai ta ɗora. Ina wurin, don tun safe na kasa zama a gidana. Ta durƙusa ta gaida uwarta, idonta a kumbure. Zainabu tana tace mai, ta amsa ba ta ɗago ba. Na ga babu amfanin ɓoyewa, na faɗi abin da na yi, na ce duk wanda ya buɗe shafin zai iya ji.

Ƙyallen ya suɓuce daga hannun Zainabu. "Jummai, kin kashe ni. Surukaina? Mutanen Basirka?" Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban taɓa ganin ta a haka ba, kuma a lokacin na ji kunyar kaina.

"Na cire shi tun jiya, Adda," in ji Ummussalma. "Ina gama ji na cire, da muryar da labarin duka. Na duba, ba wanda ya buɗe sai ni. Suna da saniya da lambar waya kawai na bari."

Zainabu ta daɗe a cikin mayafin. Da ta sauke, ni ta kalla.

"Ki tambaye ta, ta goge shi gaba ɗaya?"

Ban tambaya ba. Ummussalma ta sunkuyar da kai, ta riƙe wayarta da hannu biyu.

"A'a. Yana wajena. In kin ce in goge, zan goge."

Zainabu ta ɗauki ƙyallen ta karkaɗe, ta shimfiɗa a bakin kwano, ta ci gaba da zuba mai a hankali har tukunyar ta ƙare. Sannan ta juya, ba wajena ba, ta dubi 'yarta a ido.

"Bar shi," ta ce. "Naki ne."